Sabuwa a kwali ko ta hannu? Amsa ga ɗalibar da kuɗin adashin Ummanta ya hana ta barci

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a sashen koyon aikin jarida a wata jami'a a nan Kano, yanzu na shiga aji biyu. Tun bara nake fama da aron laftof a wajen ƙawaye, wani lokaci sai dare ya raba kafin ta zo hannuna. Wannan zangon an fara ba mu aikin haɗa bidiyo da gyaran murya, ga rubuce-rubuce, kuma ina so in riƙa zana katin biki da na talla ina samun na mota da na data. Ummanmu ta kwashi adashinta, naira 400,000, ta damƙa wa Yayana ta ce a saya mini. Yaya ya ga wata sabuwa dal a kwali, siririya, mai ruwan azurfa, an rubuta Celeron da RAM 4 a jikin kwalin. Ya ce ita za a saya, shi ba zai kai wa Umma kwancen wani ba. Ƙawata ta ce in ba MacBook ba asarar kuɗi ce. Wani ɗan ajinmu kuma ya ce in nemi duk wadda aka liƙa wa Core i7. Ni ban san komai a kai ba. Tsorona biyu ne, kada kuɗin Umma su tafi a banza, kada kuma Yaya ya ga na raina shi, domin shi ya riƙe mu tun rasuwar Abbanmu. Don Allah yaya zan yi?

Ɗalibarki, daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Abba, ya saka wa Umma da alheri, ya ƙara wa Yaya buɗi. Na daɗe ina kallon wasiƙarki kafin in fara amsa, saboda na san mene ne adashi. Wata da watanni mace tana ƙuƙuta kanta tana zubi, ranar kwasa ta zo, ga atamfa ga kayan ɗaki suna kiranta, ta kau da kai ta ce a saya wa yarinya abin karatu. Irin wannan kuɗin ba a yi masa zaɓen tumun dare.

Ga amsata tun kafin in ja ki da nisa: kada a sayi wannan ta kwalin. Da kuɗin da ke hannunku, abin da ya dace da aikinki shi ne ta hannu mai kyau, daga cikin irin waɗanda aka ƙera don ma'aikatan ofis, mai Core i5 zubi na 8 ko sama da haka, da RAM 8 da za a iya ƙara wa, da ma'ajiyar SSD. Na san yanzu wannan jimlar kamar yaren aljanu take a kunnenki. Ki yi haƙuri ki biyo ni, kafin mu gama za ki iya faɗarta a gaban mai shago ba tare da muryarki ta yi rawa ba.

Mu fara da ta Yaya, kuma mu yi masa adalci. Tunaninsa tunanin mai kishin gida ne. Sabon abu yana da garanti, batirinsa sabo ne, ba wanda ya taɓa zuba masa shayi, kuma in ya shiga da kwali a hannu Umma za ta ga inda kuɗinta suka tafi. Da a ce karatunki rubutu ne kawai da karanta littattafai da kallon darasi a YouTube, da na ce ku saya ku huta. Amma kin ce bidiyo, kin ce gyaran murya, kin ce zane. Celeron ƙaramar firosesa ce da kamfanin Intel ya yi don ƙananan ayyuka. Irin waɗannan sirara masu araha yawanci RAM ɗinsu a manne yake da allon cikin injin, ba a cire shi ba a ƙara masa, yadda kika saye ta haka za ki rabu da ita. Da yawansu kuma ma'ajiyarsu gigabait 64 ce kacal, ta wani nau'i mai sanyin jiki da ake kira eMMC, alhali Windows 11 shi kaɗai yana cinye fiye da gigabait 20 kafin ki ajiye hoto ɗaya. Bidiyon waya mai kyau kuwa minti ɗaya yakan kai megabait 100. Ki ɗauko hirar minti ashirin daga kasuwar Kurmi, ki haɗa da hotunan cike gurbi, ki ga inda za ki zuba su. Za ta kunnu, za ta yi kyau a kan tebur, amma ranar da kika ɗora mata aikin malami za ki zauna kina kallon ɗan da'irar nan yana juyawa har a kira sallah.

Abu uku ne suke riƙe da kwamfuta, kuma shagon tela ya ishe mu misali. Firosesa ita ce telan da kansa. RAM shi ne teburin da yake shimfiɗa yadi ya yanka. Ma'ajiya kuma ita ce durowar da ake jibge ɗinkunan mutane. Tela komai ƙwarewarsa, in aka ba shi tebur kamar faranti aka ce ya yanka babbar riga, zai yi ta naɗewa yana warwarewa, aikin awa ɗaya ya kai shi yamma. RAM 4 ke nan. RAM 8 zai ɗauke ki a rubutu da CorelDRAW da gyaran murya a Audacity da ƙananan bidiyo a CapCut. In an kai ga Premiere Pro, kamfanin Adobe da kansa 8 ya sa a matsayin mafi ƙaranci, 16 yake ba da shawara. Shi ya sa na ce wadda za a iya ƙara wa. Ki fara da 8 bana, in kuɗin katin biki sun fara shigowa ki sa a ƙara miki wani 8, aikin minti goma ne a wajen mai gyara.

Ma'ajiya kuwa iri biyu za ki tarar a kasuwa. Akwai tsohon yayi, HDD, wanda faifai ne yake juyawa a ciki, ga jinkiri, ga shi bugu kaɗan a cikin adaidaita sahu yana iya lalata shi. Akwai SSD, wanda ba abin da ke motsi a cikinsa, kwamfuta takan tashi cikin 'yan daƙiƙoƙi. Mai shago zai iya ce miki ga mai gigabait 1,000 ga mai 256, ki ga kamar ta farkon ce riba. Ki tambaye shi wane iri ne. SSD mai 256 ya fi miki HDD mai 1,000 nesa ba kusa ba. In kin samu 512, madalla.

Yanzu ga inda ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa, wato maganar ɗan ajinku. Core i7 suna ne na dangi, kamar a ce miki wance 'yar gidan sarauta ce. To, wace ce a ciki, kakar ko jikar? Intel ya fi shekara goma sha biyar yana fitar da abin da ake kira i7, zubi bayan zubi, 'yan kasuwa suna ce wa zubin janareshin. Ana gane shi daga lambar da ke bin sunan. In kika ga i7-3520M, lambar farko 3 ce, zubi na 3 ke nan, kayan 2012. In kika ga i5-8250U ko i5-8350U, zubi na 8 ne. Daga na 10 zuwa sama lambobi biyu na farko ake karantawa, i5-10210U na 10 ne, i5-1135G7 na 11 ne. Wannan 'yar dabarar kaɗai ta ishe ki ki tsallake rabin ramukan kasuwa.

Me ya sa na kafe a kan na 8? Dalili biyu. A cikin firosesa akwai abin da za mu kira hannuwa, kowanne yana ɗaukar aiki nasa. Har zuwa zubi na 7, firosesar da ake sa wa siraran laftof hannu biyu gare ta, ko da kuwa i7 ce, irin su i7-7500U. A 2017 da zubi na 8 ya fito, sai i5 ɗin ma ta zo da hannu huɗu. Saboda haka i5 ta zubi na 8 tana shan gaban i7 ta zubi na 7 a aikin bidiyo, ko da yake sitikar ta biyun ta fi cika ido. Dalili na biyu kuma, Microsoft ya rufe tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025, shi kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na 8 yake karɓa. Za ki ga tsofaffin injina an ɗura musu Windows 11 ta bayan gida, mai shago yana nuna miki yana cewa ga shi tana ɗauka. Tana ɗauka yau. Ke kuwa shekara uku ne a gabanki kafin ki gama, ga aikin kammala karatu, ga hidimar ƙasa. In kuma kin gamu da mai firosesar AMD kada ki gudu, Ryzen 5 mai lamba 3500U ko 4500U abin arziki ce.

Ni kaina ta wannan ramin na faɗa, shi ya sa nake jin zafinsa. Laftof ɗina ta farko, sitika na saya. Na ga i7 a jiki, mai shagon ya rantse mini cewa wani Bature ne ya yi wata uku da ita ya gaji, na ƙirga kuɗi na miƙa ina murna na yi wayo. Sati biyu ban rufa ba na gane batirin ba ya kai minti ashirin, fankarta kuma in ta tashi kamar injin markaɗe. Na koma, ya ce ai kayan lantarki ba a mayarwa. Ba ni da rasit, ba ni da shaida, sai hawaye. Mahaifiyata ba ta yi mini faɗa ba, abin da ta ce kawai shi ne, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ke kuwa ba ki ma san rariya kika saya ba.

To waɗanne za ki nema? Manyan kamfanoni a Turai da Amurka sukan sayi laftof da yawa don ma'aikatansu, bayan 'yan shekaru su sauya, tsofaffin su biyo jirgi su sauka a Legas, daga Computer Village ta Ikeja su watsu har Beirut Road da Farm Centre a Kano da Banex a Abuja. Su ne ake kira Landan-yus ko Beljiyom. An ƙera su ne don su sha wuya, jikinsu da ƙwari, maɓallansu da daɗin rubutu, kuma kayan gyaransu sun cika kasuwa. Sunayen da za ki riƙe a ka su ne HP EliteBook 840 G5 ko G6, Dell Latitude 5490 ko 7490, da Lenovo ThinkPad T480. Ita T480 baƙa ce wuluk, ba ta da wani ado, ƙawayenki ba za su ce kai ba, amma batir biyu gare ta, ɗaya a ciki ɗaya a waje da ake zarewa, ga gurbin RAM biyu. Ni da ni ce ita zan fara tambaya. Sai dai ko a cikin waɗannan akwai waɗanda suka zo da firosesar zubi na 7, saboda haka sunan jiki bai isa ba, sai kin ga lambar da idonki. In kuma kuɗin sun kai ga wadda ta fi su sabunta, zubi na 10 ko na 11, ba na hana ki.

MacBook fa? Ƙawarki ba ƙarya ta yi ba gaba ɗaya. Waɗanda Apple ya fara fitarwa a ƙarshen 2020 da firosesarsa ta M1 suna da kyau ƙwarai a aikin bidiyo, batirinsu yana wuni. Amma ba a ƙara musu RAM, ba a sauya musu ma'ajiya, kuma in allonsu ya fashe kuɗin gyara zai iya sayen wata laftof ɗin. Wadda za ta faɗo cikin kuɗinku da sauƙi yawanci tsohuwa ce mai firosesar Intel, wadda tambarin tuffan kawai za ki biya. Ga kuma haɗarin ki sayi wadda take kulle da asusun iCloud, wato asusun Apple na tsohon mai ita. Sannan ki duba abin da malamanku da 'yan ajinku da masu buga kati suke amfani da shi, in kin maƙale da ƙarfe sha ɗayan dare wa zai taimake ki? Ki bar wa ƙawarki tuffanta, in kin fara cin gumin kanki kya saya. Haka nan manyan nan masu fitilu kala-kala da ake yi don wasannin gem, kada su ruɗe ki. Suna da ƙarfi, amma ga nauyi, ga zafi, ga cin batir, kuma ta hannu a cikinsu yawanci ta riga ta sha wuta a hannun samari.

Kafin ku fita, ki tambayi malamin da ke koyar da haɗa bidiyo ko wani ɗan aji huɗu wace manhaja ake aiki da ita a sashenku. Amsar za ta gaya miki ko 8 ɗin zai ishe ki bana ko dole a fara da 16.

Ranar kasuwa kuma, zuwa da kai ya fi aike. Kada a saya miki ta hoto a WhatsApp, kada a tura kuɗi a ce za a sako ta a mota. Ku tafi da safe, ba da yamma ana haramar rufe shago ba, ku tambayi farashi a shago uku ko huɗu kafin ku zauna a ɗaya, domin farashin waɗannan kaya dala yake bi, na makon jiya ba shi ne na yau ba. Masu tare mutum a bakin hanya suna cewa Hajiya me ake nema, 'yan kayi-na-yi ne, la'adarsu a cikin kuɗinki za ta fito. Ku shiga shago mai mazauni, wanda gobe in kun dawo za ku same shi.

Ki tafi da filash ɗinki ɗauke da wani bidiyo da kika ɗauka da wayarki, da abin sauraro na kunne. In an miƙo miki injin, ki manta da sitika, ana sayar da ita a kasuwa kamar alewa. Ki danna Ctrl da Shift da Esc lokaci guda, wani shafi zai buɗe, ki shiga inda aka rubuta Performance. A nan kwamfutar za ta faɗi gaskiyar kanta: cikakken sunan firosesa da lambarta, yawan RAM, da ko ma'ajiyar SSD ce ko HDD. Daga nan sai batir, wanda shi ne ainihin raunin kayan hannu, kuma shi ne rayuwarki a ɗakin kwanan ɗalibai in an ɗauke wuta. Kada ki yarda da "yana awa biyar" na baki. Ki sa a buɗe Command Prompt, wato baƙin shafin nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni, a rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar da rahoto. Ki nemi layi biyu, Design capacity, wato abin da batirin yake ɗauka yana sabo, da Full charge capacity, wato abin da yake iya ɗauka yanzu. In na biyun bai kai kashi 70 cikin 100 na na farkon ba, ko a sauya batir ko a rage kuɗi. Sannan ki zare caja ki bar bidiyonki yana tafiya kina kallon yadda kason yake sauka. Ki kuma kwantar da ita a kan tebur ki duba ko wajen da ake shafawa da yatsa ya ɗago ko gindinta ya yi tudu. In ya yi, batirin ya kumbura, ki ajiye ta ko nawa aka rage.

Allo ma ki tsaya a kansa, tunda zane za ki yi. Ki nemi wanda yawan ɗigon hotonsa ya kai 1920 da 1080, ba mai 1366 da 768 ba, za ki gani a cikin saitin allo. Ki karkata shi gaba da baya, ki leƙa ta gefe. In kala tana wankewa ko tana duhu da kin ɗan motsa kai, wannan allon zai sa ki zana kati ruwan hoda ya fito daga wajen bugu ruwan goro, uwar amarya ta biyo ki har gida. Ki buɗe farin shafi ki duba tabo, ki buɗe baƙi ki duba ɗigon haske. Ki buɗe wajen rubutu ki danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, kada ki ji kunya ko mai shagon yana tsaki. Ki lura da jerin haruffan, layin sama ya fara da QWERTY. Waɗanda suka fito daga Faransa da AZERTY suke farawa, su 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suka saba da su, ke za su riƙa harɗe miki yatsu. Ki gwada kowace kafar USB da filash ɗinki, ki gwada kyamara, lasifika, makirufo, da kama intanet. Ki buɗe murfin ki rufe sau da yawa ki ji ko maƙallan suna ƙara.

Saura abu ɗaya da mutane suke mantawa. Ki sa a kashe ta a kunna a shiga BIOS, wato shafin saitin injin da ake shiga kafin Windows ya tashi, a gabanki, a Dell F2 ake dannawa, a HP F10, a ThinkPad F1. In ta nemi kalmar sirri kuma mai shagon bai san ta ba, ku tashi. Haka in tana nuna sunan wani kamfani ko wata makaranta tana neman a shiga da asusunsu. Sai rasit: a rubuta sunan shago, kwanan wata, samfurin injin, lambarsa ta siriyal da ke gindinsa, da kwanakin da aka ba ku na gwaji, a rubuce, ba a baki ba. Wannan takardar ita ce za ta tsaya miki in kaya ya ba da matsala, ita ce kuma za ta wanke ki in wata rana aka ce na sata ne. Duk wannan binciken zai ci kusan awa ɗaya. Mai gaskiya zai ba ki kujera har ya aika a sayo miki ruwa. Wanda ya fara cewa Hajiya sauri nake akwai mai jira, ki bar wa mai jiran.

Kada ku zuba kuɗin duka a kan injin. Ku ware kamar kashi ɗaya cikin goma. Jaka mai soso a ciki dole ce, kuma gara wadda ba ta yi kama da jakar laftof ba, saboda masu ido a tasha. Linzami na hannu, domin ba a zane da shafa yatsa. Soket mai kariya daga hawan wuta, saboda yadda wuta take dawowa da ƙarfi da yadda ƙaramin janareto yake hawa da sauka, caja ce take fara tafiya, wani lokaci ta ja injin su tafi tare. Cajar ma ki tabbatar ta asali ce mai nauyi a hannu, ba mara nauyin nan da ake haɗawa da ita a rufe baki ba. Galibin samfuran da na ambata suna karɓar caji ta kafar USB-C, ke nan nan gaba kina iya sayen babban fawa-bank mai wat 65 ya riƙe ki in wuta ta yi nisan kiwo.

In ta zo gida, abokan gabarta uku ne: katifa, ƙura, da aro. Kada ki ɗora ta a kan katifa ko filo, ta ƙasa take shaƙar iska, in kin toshe ta a zafin watan Afrilu na Kano za ta dafa kanta. Ko faranti ne ki sa a ƙarƙashi. Bayan hunturu ki kai a buɗe a share mata fanka. Aro kuwa, ke da kika sha aron ta wasu ba zan ce ki hana ba, zai zama butulci. Amma ki buɗe wa masu aro asusu daban, kuma a yi aikin a gabanki. Ayyukan makaranta ki riƙa ajiye kwafinsu a Google Drive, gigabait 15 suke bayarwa kyauta, ya ishi duk rubutunki har ki gama. Na ga ɗalibar da aikinta na shekarar ƙarshe ya tafi tare da jakarta a cikin mota, saura kwana tara ta miƙa. In kina rubutun Hausa kuma, akwai madannan Hausa a cikin Windows, ki ƙara su a saitin harshe ki samu ƙ da ɗ da ɓ ɗinki.

Mu dawo kan Yaya, wanda na san shi ne ya fi tsaya miki a rai. Kada ki tare shi a gaban Umma, kada kuma ki fara da "an ce" ko "Anti ta ce", zai ji kamar kin kai ƙararsa waje. Mutumin da ya riƙe gida tun yana saurayi, abin da yake tsoro shi ne a ce an ba shi amana ya sayo tsohon kaya ya lalace. Ki same shi shi kaɗai bayan ya ci abinci, ki gode masa tukuna. Sannan ki nuna masa aikin da aka ba ku da sunan manhajar, ki ce, Yaya, ga abin da malami yake so mu yi, ina tsoron kada wadda muka gani ta kasa ɗauka kuɗin Umma su nutse, don Allah ka raka ni mu gwada kafin mu biya. Kin ga ba ki ƙi zaɓinsa ba, kin sa shi alƙali. A kasuwa ki bar masa ciniki da rasit da maganar garanti, nan ne fagensa, kuma mai shago yakan shiga taitayinsa in ya ga namiji tsaye yana tambayar lambar siriyal. Ke ki riƙe gwaji. In akwai irin ta kwalin a buɗe, ku sa bidiyon nan naki a cikinta, ku sa a cikin ta hannun, ku buɗe shafukan intanet goma a kowacce, ya tsaya ya kalla. Gani ya kori ji.

In duk da haka ya ce shi dai sabuwa, to ku tsaya a kan sharaɗi ɗaya: sabuwar ta kasance aƙalla Core i3 ta zubin baya-bayan nan ko Ryzen 3, da RAM 8, da SSD. In kuɗin ba su kai ba, a mayar wa Umma ta ɓoye, a jira wata biyu ko uku a cika, ki ci gaba da aron da kika saba. Ita kuma Umma, ranar da aka kawo, ko da kwali ko babu, ki zauna kusa da ita ki buɗe, ki haɗa mata ɗan bidiyo da tsofaffin hotunan gida, har da na Abba in akwai, ki sa mata ta gani. Ki rubuto mini ki gaya mini wadda kuka samu da abin da rahoton batirin ya nuna.